Idan Allurar Gudu Ta Yi Ƙarya: Fashin Baƙi Kan Bututun Iska Na Ƙananan Jirage

Ma'aunai uku ne a gaban matuƙin ƙaramin jirgin sama waɗanda, a tsohon tsari, babu batir ko injin da ke juya allurarsu: ma'aunin gudu, ma'aunin bisa, da ma'aunin saurin hawa da sauka. Iska ce kaɗai take wannan aiki, kuma tana isa gare su ne ta cikin siraran bututu da ba su kai kaurin ɗan yatsa ba, waɗanda suka ratsa fiffike da gangar jirgi har zuwa bayan allon matuƙi. A 'yan shekarun nan an ƙara na huɗu, wato ma'aunin kusurwar da fiffike yake karo da iska, wanda shi ma a yawancin ƙananan jirage bututu ne yake kai masa labari. Duk sa'ad da ɗaya daga cikinsu ya soma nuna abin da hankali bai kwanta da shi ba, abin da mai jirgi yakan fara yi shi ne ya ɗora wa ma'aunin laifi, ya kwance shi ya aika gyara ko ya sayo sabo, sannan a tashi na gaba ya tarar da matsalar tana nan daram. Ma'auni dai matsin da ya iso bakinsa yake faɗa, kuma galibi gaskiyarsa yake faɗa. Ɓarnar tana can tsakanin fatar jirgi da bayan allo.

Kafin a shiga batun gyara, ya kamata a san ƙanƙantar abin da ake aunawa, domin daga nan kusan kowace matsala take tasowa. Bututun da ke fuskantar iska a ƙarƙashin fiffike ya samo sunansa daga Henri Pitot, injiniyan Faransa da ya auna gudun ruwan kogin Seine da lanƙwasasshen bututu a 1732, kuma har yau dabarar ba ta sauya ba: a tare abin da ke gudana, a auna yadda yake turi. Jirgin da ke tafiyar not 100, wato kimanin kilomita 185 a sa'a, turin da iska take yi a bakin bututunsa bai wuce nauyin ruwa mai zurfin santimita 16 da rabi ba. A not 60, wanda ke kusa da gudun da ƙaramin jirgi yake sauka da shi, turin yana komawa kamar santimita 6 na ruwa. Haka kuma a kusa da ƙasa, kowace ƙafa 27 zuwa 30 da jirgi ya hau tana rage matsin iska da abin da ya yi daidai da santimita ɗaya na ruwa. Duk wanda ya riƙe waɗannan lambobi a zuciyarsa ba zai yi mamaki ba idan aka ce masa ɗigon ruwa, ko ɓurɓushin fenti, ko mahaɗin da ya ɗan saki, ya isa ya rikita matuƙi.

Layi biyu ne tushen tsarin. Na farko layin Pitot, wanda ke ɗauke da matsin iskar kewaye haɗe da turin gudu, kuma ma'aunin gudu kaɗai yake zuwa. Na biyu layin sitatik, wanda ke farawa daga ɗan huji a gefen gangar jirgi, a wurin da aka zaɓa don iska ta wuce ba tare da ta tura ko ta tsotsa ba, kuma shi yana zuwa wa ma'aunai ukun duka, har da na'urar da ke aika wa hasumiya bisan jirgi. A cikin ma'aunin gudu akwai 'yar jaka ta siririn ƙarfe. Iskar Pitot tana shiga cikinta, iskar sitatik tana kewaye da ita, bambancin da ke tsakaninsu ne yake juya allura. Jakar ma'aunin bisa a rufe take ruf, tana kumbura ne gwargwadon raguwar matsin da ke kewaye da ita. Ma'aunin hawa da sauka kuwa an yi masa yoyo da gangan, yoyon da aka auna, ta yadda yake kwatanta matsin yanzu da na 'yan daƙiƙoƙin da suka wuce. Daga wannan rabon ne tambayar farko ta bincike take fitowa, tun kafin a ɗauki sifana: ma'auni nawa ne suke ƙarya? Idan na gudu ne kaɗai, a nemi laifin a layin Pitot ko a cikin ma'aunin kansa. Idan duka ukun ne, layin sitatik ne, kuma sayen sabon ma'auni asarar kuɗi ce.

Toshewar Pitot iri biyu ce, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ƙwarai. A ƙasan bututun akwai ɗan huji na zubar da ruwa. Idan bakin ya toshe amma wannan huji yana buɗe, iskar da ke cikin layi za ta sulale ta fita, allura ta faɗo zuwa sifili, kuma wannan ƙarya ce mai sauƙin ganewa tunda babu matuƙin da zai yarda jirginsa yana tsaye a sama. Idan kuwa baki da hujin duka sun toshe, iskar da ta makale a ciki tana nan da matsinta, sai ma'aunin gudu ya koma aikin ma'aunin bisa: jirgi na hawa allura na ƙaruwa, jirgi na sauka tana raguwa. Mugun abin shi ne, wannan ƙarya tana ingiza matuƙi zuwa ga abin da zai ƙara ta. Yana ganin gudu ya yi yawa sai ya ɗaga hanci, jirgi ya ƙara hawa, allura ta ƙara gaba, alhali gudun gaskiya yana zubewa. Haka ta faru da jirgin Birgenair mai lamba 301, ƙirar Boeing 757, da ya faɗa teku bayan tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika ranar 6 ga Fabrairu 1996, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun fi zargin cewa zanzaro ne ya yi gini a cikin ɗaya daga cikin bututun yayin da jirgin ya yi kwanaki a ajiye ba a rufe su ba, duk da cewa ba a samo bututun daga teku ba.

Toshewar sitatik tana daskarar da ma'aunin bisa a inda toshewar ta same shi, ta ajiye allurar hawa da sauka a sifili, sannan ta karkatar da ma'aunin gudu ta fuskar da ta saɓa wa ta farko: sama da wurin toshewar yana nuna ƙasa da gaskiya, ƙasa da wurin yana nuna fiye da gaskiya. Wannan na biyun shi ne mai kisa, domin matuƙin da ke gangarowa zai sauka yana ganin gudu ya ishe shi alhali bai ishe shi ba. A cikin shekarar 1996 ɗin dai, ranar 2 ga Oktoba, jirgin Aeroperú mai lamba 603 ya tashi daga Lima da dare da tef manne a kan hujin sitatik ɗinsa, tef ɗin da aka liƙa lokacin goge jirgin aka manta ba a ɓare ba. Matuƙan sun nemi taimakon mai kula da zirga-zirga a ƙasa, ya karanta musu bisan da yake gani a allonsa, ba tare da sun lura cewa wannan lamba daga jirgin nasu take fitowa ba, ta layin nan da ya toshe. Jirgin ya faɗa teku, mutum 70 suka mutu. Abin lura ga mai ƙaramin jirgi shi ne, shaidu biyu da suka sha daga bututu ɗaya shaida ɗaya ce, kuma wannan batu zai sake tasowa idan an zo kan ma'aunin kusurwa da allunan zamani.

Toshewa gaba ɗaya ba ita ce ta fi yawa ba. Abin da makanikai suka fi cin karo da shi shi ne rabin toshewa, kuma ruwa ne babban mai laifi. Ruwan sama ko na wankin jirgi, ko raɓar da ke taruwa cikin bututu idan dare ya yi sanyi bayan zafin rana, yana gangarawa ya kwanta a duk inda layi ya yi lanƙwasa ƙasa. Idan ruwan ya cika bututun ya yi tsayin santimita biyu kacal, ya isa ya karkatar da ma'aunin bisa da fiye da ƙafa 50, kuma a gudun not 60 ya isa ya rage allurar gudu da fiye da not 10. Alamarsa tana da kama ta musamman: allura ba ta tafiya sumul, sai ta tsaya cik na ɗan lokaci sannan ta yi tsalle, domin iska sai ta tara ƙarfi kafin ta ɓula ta cikin ruwan. Idan ma'aunin bisa da na hawa da sauka suna tsallen tare, ruwan yana layin sitatik. Jiragen Piper Cherokee da yawa suna da ƙananan bawul na zubar da wannan ruwa a gefen hagu kusa da kujerar matuƙi, kuma mutane da dama suna tuƙa su shekara da shekaru ba su taɓa danna su ba. Wanda yake shimfiɗa layi da hannunsa kuwa, dokarsa ita ce bututu ya fara haurawa sama daga hujin kafin ya nufi gaba, kuma kada a bar masa kwari a hanya sai an sa mazubi a wurin.

Yoyo ya fi toshewa ɓoyewa. Yoyon layin Pitot yana sa ma'aunin gudu ya nuna ƙasa da gaskiya, kuma matuƙi yakan gane shi ne idan ya ga jirgi yana cinye titi da yawa wajen sauka, ko yana ta shawagi a kan titin ya ƙi zama. Yoyon sitatik a cikin ɗakin matuƙi kuwa yana iya shekara ba a gane shi ba, saboda matsin cikin jirgin da ba a matse iskarsa ba yana kusa da na waje. Akwai gwaji mai sauƙi da za a yi a sama: a daidaita jirgi a bisa ɗaya da gudu ɗaya, sannan a buɗe mashigar iska ko 'yar taga, a rufe. Idan allurai sun motsa da buɗewar, layin yana shaƙar iskar cikin ɗaki ta wani wuri. Akwai kuma na biyu ga jirgin da ke da hujin sitatik a gefe biyu, waɗanda aka haɗa don su daidaita juna idan jirgi ya karkace: a taka fedar wutsiya hagu, a taka dama. Idan allurar gudu ta hau a gefe ɗaya ta sauka a ɗayan, to ɗaya daga cikin hujin ya toshe ko tiyonsa ya cire. Cessna 172 da ke da huji ɗaya a gefen hagu takan yi hakan ko da lafiyarta lau, don haka sai an san ƙirar jirgi kafin a yanke hukunci.

Bawul ɗin sitatik na ko-ta-kwana, wanda ke buɗe layin ga iskar cikin ɗaki idan na waje ya toshe, shi ma kayan bincike ne. A jirgi mai lafiya, buɗe shi yana sa ma'aunin bisa da na gudu su ɗan ƙaru, allurar hawa ta ɗan ɗaga ta koma, domin iskar da ke wucewa ta jikin jirgi tana rage matsin ciki kaɗan. Idan aka buɗe shi allurai suka yi babban tsalle, layin waje a toshe yake. Idan ko gezau ba su yi ba, akwai yiwuwar layin ya daɗe yana yoyo cikin ɗakin, kuma sau da yawa bawul ɗin ne da kansa yake yoyon.

Game da abin da ke toshe bututu a ƙasa, zanzaro ne kan gaba a duk ƙasar da ke da zafi. Ramin Pitot daidai yake da abin da yake nema, kuma ba ya ɓata lokaci: a 2013 wani jirgin Etihad ƙirar Airbus A330 ya yi kimanin sa'a biyu kacal a filin jirgin Brisbane na Ostireliya, aka sami ginin laka a bututunsa bayan ya tashi ya dawo. Duk wanda ya ga yadda zanzaro yake cika ramin kwaɗo ko soket a gidajenmu ya san jirgin da ke kwana a Zariya, inda Kwalejin Fasahar Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964, take horar da matuƙa da injiniyoyi, ko a Kano ko Yamai, bai tsira ba, musamman da damina lokacin da laka take samuwa. Da hunturu kuma ƙura ce take shiga, ta haɗu da ɗan danshi ta daskare a hujin zubar ruwa. Murfin Pitot mai jan ƙyalle shi ne maganin, amma shi ma ya zama cuta idan aka tashi da shi, kuma yawancin murafan ba sa rufe hujin ƙasa. Sauran masu laifin 'yan gida ne: fenti, man goge jiki, da tef ɗin wanki.

Idan an zo gyara a ƙasa, ƙa'ida ta farko ita ce kada a hura bututun Pitot da baki, balle da kwamfuresa, matuƙar ma'aunai suna haɗe. Huhun mutum yana iya fitar da matsin da ya ninka abin da jakar ma'aunin gudu take ɗauka sau da yawa, kuma jakar da ta buɗe fiye da kima ba ta komawa daidai. Allura za ta ci gaba da motsi, amma lambar da take nunawa ta tashi daga aiki. Hanyar da ta dace ita ce a kwance layin daga bayan kowane ma'auni, a rufe bakin ma'aunan, sannan a hura busasshiyar iska marar ƙarfi daga ciki zuwa waje, domin dattin ya fita ta inda ya shigo. Hujin sitatik kuma ba a sakace shi da waya ko bakin diril, saboda girmansa da kaifin leɓensa suna cikin abin da aka auna.

Gwajin yoyo yana da lambobi sanannu. A dokokin hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, waɗanda yawancin littattafan ƙananan jirage suke bi tunda can aka ƙera su, jirgin da zai yi tafiya bisa dogaro da ma'aunai sai an gwada layin sitatik da ma'aunin bisansa duk wata 24, da kuma duk lokacin da aka buɗe layin. Ga jirgin da ba a matse iskar cikinsa, ana tsotse layin har ma'aunin bisa ya nuna ƙafa 1,000 sama da inda jirgin yake, a tsayar da tsotson, a jira minti ɗaya. Idan allura ta sauko fiye da ƙafa 100, layin ya faɗi. Ga layin Pitot, jagorar gyara ta hukumar mai lamba AC 43.13-1B ta ce a rufe hujin zubar ruwa, a tura iska har allura ta kai not 150, wanda ya yi daidai da ruwa mai zurfin inci 14.9, kuma kada ta sauko fiye da not 10 cikin minti ɗaya. Gwajin da za a rubuta a littafin jirgi sai mai lasisi da na'urar da aka tantance, amma neman inda yoyo yake ba ya bukatar fiye da babban sirinji, ko tiyon roba mai laushi da ake naɗewa a hankali daga ƙarshensa. Tiyo mai haske da aka lanƙwasa aka zuba masa ruwa, aka jingina ruler a gefensa, yana auna gudu daidai gwargwado, kuma ruwa ba ya bukatar a saita shi.

A nan ne ake yawan lalata ma'aunai masu lafiya. Tsotson da ke ɗaga ma'aunin bisa ƙafa 1,000 yana kama ma'aunin gudu ta baya, ya tura allurarsa kusan not 150, wanda ya kusa ƙarshen ma'aunin wasu jirage. Duk wanda zai wuce nan sai ya haɗa layin Pitot da na sitatik wuri ɗaya don matsin ɓangarorin biyu ya tafi tare. Ma'aunin hawa da sauka kuma ba ya jure gaggawa, don haka idon mai gwaji yana kansa, kada allurarsa ta bugi ƙarshe, wajen tsotsa da wajen saki. Tiyon gwaji da ya fizge daga jikin jirgi ana tsakiyar aiki yana iya kashe ma'aunai uku a lokaci guda, shi ya sa ake ɗaure shi da kyau tun farko.

Idan layi ya faɗi gwaji, bin mahaɗai ɗaya bayan ɗaya ana ƙara ɗaure su ɓata lokaci ne, kuma yakan haifar da sabon yoyo. Gara a raba layin biyu, a toshe rabi a gwada rabi, sannan a sake raba ɓangaren da ya faɗi, har a ƙure wurin. Wuraren da aka saba samunsa ba su da yawa: tsohon tiyon roba da ya tsattsage a bayan allo, bututun nailan da aka yanke a karkace kafin a cusa shi a mahaɗi, wurin da bututu yake gugar ƙarfe, da bakin ma'auni na roba da wani ya ɗaure da ƙarfi har ya tsage. Jikin ma'aunin kansa yana iya yoyo ta gefen gilashi ko ta maɓallin saiti. Farin tef na masu aikin famfo yana bukatar hattara, domin zarensa yakan tsinke ya shige cikin layi. A bututu mai hita, wadda ke hana shi yin ƙanƙara, kuwa, a duba inda nailan ya haɗu da ƙarfe, saboda idan haɗin ya yi kusa da zafi yakan yi laushi ya saki. Hitar kanta ana gane tana aiki ne ta motsin allurar lantarki idan an kunna ta, ba ta damƙar bututun da hannu ba.

Akwai kuskuren da gwajin ƙasa ba zai taɓa kamawa ba, kuma a ganina shi ne ya fi cin mutane. Layi yana iya zama ba ya yoyo ko kaɗan, ma'aunai sababbi, amma hujin sitatik yana zaune a inda iska take ɗan turi ko ɗan tsotsa, sai kuskuren ya riƙa girma tare da gudu. Tsohuwar ƙa'idar ƙera ƙananan jirage ta Amurka ta yarda da kuskuren ƙafa 30 a kowane not 100, da kuma kashi 3 cikin ɗari ko not 5 a ma'aunin gudu, kuma kamfanoni suna buga jadawalin gyaran a littafin jirgi. Masu harhaɗa jirgi da hannunsu su ne suka fi sanin zafin wannan. A jiragen Van's RV, dangin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna don rundunar sojin saman Najeriya, hujin sitatik na asali kan ƙusar ribit ne mai ɗan tudu da aka fitar wa tsakiya. Maƙera da yawa sun ga abin bai yi kyau a ido ba, suka sa wanda ya shafe daidai da fatar jirgi, sai suka tarar da gudu da bisa sun karkace, domin ɗan tudun nan yana cikin lissafi. Kaurin fenti a kewayen hujin ma yana iya sauya karatu.

Ana kama wannan kuskure ne a sama da taimakon GPS. A riƙe bisa ɗaya da gudu ɗaya cikin iska mai natsuwa, a bi fuska uku daban-daban, a rubuta gudun ƙasa da alƙiblar kowace, sannan a fitar da gudun gaskiya ta lissafi, a mayar da shi abin da ya kamata allura ta nuna bisa zafin iska da bisan wurin. Idan bambancin yana ƙaruwa da gudu, kuma ma'aunin bisa yana karkata tare da shi, hujin sitatik ne. Kuskuren santimita ɗaya na ruwa yana ba da kimanin not 3 a gudun not 100, amma kusan not 5 a gudun not 60, wato ya fi muni a daidai inda aka fi bukatar gaskiya.

Ma'aunin kusurwa ya shigo ne don ya amsa tambayar da ma'aunin gudu ba ya iya amsawa. Fiffike yana daina ɗaukar jirgi ne idan kusurwar da yake karo da iska ta wuce iyaka, galibi tsakanin digiri 15 da 18, kuma wannan iyaka ba ruwanta da nauyi ko juyi, alhali gudun da abin yake faruwa yana sauyawa: a juyi mai karkatar digiri 60 yana ƙaruwa da kimanin kashi 41 cikin ɗari. Tun da FAA ta sassauta hanyar amincewa da waɗannan na'urori a 2014 suka yaɗu a ƙananan jirage. Manyan jirage suna amfani da ɗan fiffike mai juyawa a gefen hanci, amma na ƙanana, irin na kamfanonin Dynon da Garmin, huji na biyu ne a jikin bututun Pitot, a fuskar da ta karkata ƙasa. Hanci na ɗagawa wannan huji yana ƙara fuskantar iska, matsinsa na ƙaruwa, na'ura kuma tana kwatanta shi da na Pitot, a wasu tsare-tsaren har da na sitatik. Wasu kamfanonin huji biyu suke yi a fiffiken kansa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ƙahon gargaɗi na Cessna 172 ma ɗan wannan gida ne: tsaga ce a goshin fiffiken hagu, wadda ke tsotsar iska ta cikin busa idan kusurwa ta yi yawa, kuma ana gwada ta ta hanyar ɗora tsabtataccen ƙyalle a tsotsa da baki.

Laifin da ya fi yawa a sabon haɗi shi ne musayar layi, domin bututu biyu masu kama ɗaya ne suke fitowa daga gindin na'urar su bi fiffike tare. Idan aka juya su, allurar gudu takan nuna ƙasa da gaskiya a tafiyar miƙe, ta kuma riƙa bin ɗagawar hanci, ma'aunin kusurwa kuwa ya ƙi saituwa ko ya yi aiki a juye. Ana tantancewa ne ta cire layukan biyu daga ma'aunai, a toshe huji ɗaya da yatsa, a tura iska kaɗan daga ciki a ga ta ina take fita, sannan a yi wa kowane bututu alama a ƙarshensa biyu. Hujin kusurwa ƙarami ne kuma yana kallon ƙasa, ga shi ba kowane matuƙi ne yake durƙusawa ya leƙa shi ba, don haka ƙwari da laka sun fi samun sa. Wajen gwajin yoyo kuma sai an bi littafin kamfani, domin irin wannan bututu yana da hujin zubar ruwa fiye da ɗaya, kuma tura iska a layin Pitot kaɗai ana barin na kusurwa a buɗe yana iya wuce ƙarfin na'urar da ke tsakaninsu.

Saitin ma'aunin kusurwa a sama ake yin sa, ta hanyar kai jirgi gudun tafiya sannan a rage har fiffike ya saki, na'urar tana koyon iyakokin wannan jirgi. Saboda haka duk yoyon da ke cikin layi ranar saiti ya shiga cikin abin da ta koya, kuma ranar da aka gyara yoyon, ko aka ɗan lanƙwasa bututun, ko aka sauya shi, saitin ya lalace sai an sake. Tsarin aiki ke nan: a fara da yoyo, a bi da kuskuren wurin huji, saitin kusurwa ya zo a ƙarshe. Masu sayar da na'urar sukan gabatar da ita a matsayin madogara idan ma'aunin gudu ya mutu, amma wannan magana tana da iyaka, domin ƙanƙara ko laka ko murfin da aka manta da ya rufe bakin Pitot ya shafi su biyun, tunda jiki ɗaya suke.

Haka abin yake ga allunan zamani. Allon gilashi ya maye gurbin jakunkunan ƙarfe da ƙananan na'urorin lantarki, amma bututun da ke bayansa su ne dai na da, kuma ma'aunin ko-ta-kwana da ke gefensa galibi daga layin nan aka reshe shi. Idan suka yi daidai da juna, abin da hakan ya tabbatar kawai shi ne babu wanda ya lalace a cikinsu. A wasu allunan gudun iska yana shiga har cikin lissafin karkatar jirgi da na'urar tuƙi da kai, sai toshewa ɗaya ta bayyana a wurare da yawa. Shi ya sa binciken da ake yi kafin tashi bai tsufa ba: a saita ma'aunin bisa da matsin da hasumiya ta bayar, a ga ya nuna bisan filin, wanda a Kano kimanin ƙafa 1,560 ne, da bambancin da bai wuce ƙafa 75 ba, allurar hawa da sauka ta zauna a sifili, sannan da jirgi ya fara gudu a titi a tabbatar allurar gudu ta motsa tun da sauran wurin taka birki. Idan ba ta motsa ba a janye wuta a tsaya, idan kuma an riga an rabu da ƙasa, a tuƙa jirgin da matsayin hanci da ƙarfin injin da aka saba da su, a zagayo a sauka.